Daga Tsakar Gida Zuwa Tafkin Fork: Rubutun Shirin Gasar Fatsa

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ƙanƙarar da ta sauko mana a Dallas shekaranjiya ba ta gama narkewa ba na je na ɗauko jirgin. Kayak ne na roba, na hannu, tsawonsa ƙafa 12, irin wanda ake zama a samansa. A Facebook na gan shi. Mai shi ya ce dala 700, na taya 500. Sai da ya dube ni ya yi shiru, da alama bai saba da ciniki irin namu ba. Muka daidaita a 600 har da filafili. Rigar ceto dala 75, lasin kamun kifi na mazauna Texas dala 30, kuma zai kai ni ƙarshen Agusta. Jimla 705.

Niyyata in shiga gasar kifin bas ta wata ƙaramar ƙungiyar masu kayak ranar 12 ga Afrilu a tafkin Fork. Saura wata uku, ni kuwa ban taɓa kama bas ko ɗaya ba.

A Yauri aka haife ni, a bakin ruwa, amma gidanmu ba na masunta ba ne. Su sana'ar Sarkawa ce, namu sai kallo da saye. Iyakar abin da na sani fatsar yara: kara, zare, ƙugiya da tana, sai dukan da ke biyo baya in Baba ya gane ka je gulbi. Da na gaya wa Inna a waya cewa zan shiga gasar kamun bas, sai ta ce, "To, Allah ya tsare hanya, tuƙin haya ka koma?" Na ce mata kifi ne, kamar ƙanen giwan ruwa. Ban gaya mata cewa sakinsa ake yi ba tukuna.

Asabar, 18 ga Janairu

Sanda mai ƙafa 7, mai ɗan ƙarfi, dala 90. Injin naɗe zare dala 100, irin wanda kwarkwaronsa ke juyawa da kansa in an yi jifa. Zaren fulorokabon, wani irin zaren roba, mai ɗaukar nauyin laba 15, dala 22. Ƙugiyoyi, dalma da tanar roba, 38. Jimla ta kai 955.

Mai kantin ya ba ni shawarar in fara da ɗaya injin mai sauƙi, na ƙi, don na ga duk ƙwararrun da wannan suke aiki. Jifa ta farko a tsakar gida ta nuna mini ya fi ni gaskiya. Dalma ta faɗi ƙasa, kwarkwaro bai san an tsaya ba, ya ci gaba da juyawa, zare ya cukurkuɗe cunkus. Su nan sheƙar tsuntsu suke ce wa wannan abin. Minti arba'in ina tsinta da tsinken sakace, a ƙarshe na sa almakashi.

Sirrin a babban yatsa yake. Yana shafar zaren a hankali lokacin da yake fita, dalma na taɓa ƙasa ya danne cak. Akwai kuma wani maɓalli a gefe da ake ɗaurewa har dalmar ta riƙa sauka sannu-sannu in an saki. Na ajiye bokiti taku goma sha biyar daga ƙofar kicin. Cikin jifa 50, 4 suka shiga.

Asabar, 25 ga Janairu

Bokiti kullum bayan la'asar. Yau 19 cikin 50. Yarona babba, ɗan shekara tara, ya karɓa ya yi 11 ba ko sheƙa ɗaya. Ban ce komai ba.

Allon awon tsawon kifi dala 55, homa 35, fitila fara mai sanda 30, don doka ta wajabta ta ga mai kayak in zai shiga ruwa kafin rana ta fito. Jimla 1,075. Na ɗaure tsohon kwandon roba a bayan kujera ya zama ma'ajiyar kaya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Shiga ruwa ta farko, a tafkin Ray Hubbard da ke kusa da mu. Awa huɗu, ko motsi. Na dai koyi cewa in ka yi jifa gefen dama jirgi na juyawa hagu, kuma mutum hannu biyu gare shi, alhali ana son uku: na sanda, na filafili, na naɗi.

Na zauna na koyi ɗaurin Texas har ya zauna mini. Dalma mai siffar harsashi ita ake fara zurawa a zare, sai ƙugiya mai gwiwa, sai a soka tanar roba ta ka, a juyo, a binne tsinin ƙugiyar a jikin robar. Da haka take ratsa ciyawa da rassa ba ta maƙale ba. In tanar ta karkace ko kaɗan sai ta riƙa juyi tana murɗe zare, saboda haka a miƙe sambal ake son ta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau na kife. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko don in karanta nan gaba in kaina ya fara girma.

Zuwana na farko ke nan tafkin Fork, tafiyar awa ɗaya da rabi gabas da gida, ta garin Emory. Dam ne, a 1980 aka tare ruwansa, faɗinsa ya haura eka 27,000. Da za a cika shi ba a sare yawancin itatuwan kwarin ba, aka bar su tsaye ruwa ya shanye su, aka kuma zuba irin bas na Florida mai saurin girma. Shi ya sa kifin nan ya yi suna. Wanda ya fi kowanne girma a tarihin Texas daga nan ya fito: laba 18.18, wato kilo 8 da kwata, Barry St. Clair ya kama shi a Janairun 1992, kuma ba ma bas ya fito nema ba ranar. To, waɗannan itatuwan yau sun zama kututture, wasu sun leƙo, wasu suna kwance taki ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba ka ganinsu.

An yi sanyi mai tsanani a tsakiyar makon nan, ruwan na kan digiri 48 a ma'aunin Amurka, 9 ke nan a namu. Wajen sha ɗaya ƙugiyata ta maƙale a wani reshe. Maimakon in tuƙa in zagaya ta bayansa, sai na kama zare ina jan jirgi zuwa wurin. Iska ta tura ni, cikin jirgin ya hau kan kututture ya tsaya. Na miƙa hannu gefe don in kai ga reshen. Iyakar abin da na tuna ke nan, sai tsundum.

Sanyin ruwan nan ba kamar na randa da hunturu ba ne. Numfashina ne ya ɗauke, ina jan iska ba ta shiga, na iya iyo tun ina yaro amma hannuwana suka ƙi bin umarni. Rigar ceto ce ta ɗago ni. Na rungume jirgin har numfashi ya dawo, sannan na tura shi da ƙafa zuwa gaɓa, Allah ya sa ba ta fi taku talatin ba. Wani dattijo mai jirgin inji ya taso, ya ba ni bargo da kofi, ya raka ni har mota yana faɗa mini abin da na riga na sani. Maganarsa ɗaya na riƙe: a kayak, duk inda kanka ya leƙa, nan jikinka zai bi. Kai ya tsaya a tsakiyar jirgi, ƙoto na dala biyu kuwa a bar wa reshe.

Asara: sanda da inji sun tafi ƙasa, dala 190. Akwatin dalma ma haka. Waya ta tsira, tana cikin jakar leda a wuyana. Allon awo ya taso da kansa.

Na shiga gida tsamo-tsamo. Maman yara ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida, ina kifin?" Daga baya da yara suka kwanta ta yi maganar gaske. Mun yi yarjejeniya: ba zan ƙara shiga ruwa ni kaɗai ba sai ya yi ɗumi, kuma kullum zan turo mata wurin da nake.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Sabuwar sanda da inji masu araha, 140. Zare 22. Igiyoyin ɗaure sanda da filafili a jikin jirgi, 16, waɗanda da na saye su tun farko da ban sayi sauran ba. Jimla 1,253. Jakar busassun kaya ta zama ta dindindin a mota.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Ba ruwa yau. Bokiti kafin buɗa-baki, 31 cikin 50. Na biya kuɗin shiga gasa, dala 65, don kada in sami hanyar janyewa.

Asabar, 8 ga Maris

Na tafi tare da wani abokin aiki da ya daɗe a harkar. Sahur a gida, asuba a bakin tafki. Ɗumin ruwan ya hau zuwa digiri 56. Ya ce yanzu kifi na barin zurfi yana bin tsoffin hanyoyin rafi zuwa lungunan da zai yi ƙwai, sai ruwa ya kai 60 zuwa 65 maza su share gurbi a ƙasa mai tauri, mata su biyo. Muka tsaya a bakin wani lungu a reshen Caney.

Ya kalli yadda nake jan tana ya ce ina sauri kamar mai bin bashi. A jefa, a bari ta kai ƙasa, a ɗaga sanda kaɗan, a tsaya, a ƙirga biyar. Na ce ta yaya zan bambance kifi da reshe? Ya ce reshe ba ya ja da baya.

Wajen goma na ji ƙwas, ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa sandar da farce. Zare ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Na sauke sanda, na naɗe ragowar zaren, na fizga sama. Bas na farko a rayuwata. Kore-kore, da baƙin layi a gefe, baki kamar na tulu. Na ɗora shi a allo, inci 15 da rabi, na saki hannu in ɗauko waya. Fat ɗaya ya yi, ya koma inda ya fito.

Abokina ya yi dariya har jirginsa na rawa. A gasa, in ji shi, wannan kifin babu shi. Gasar kayak ba a kawo kifi sikeli. Hoto ake ɗauka a kan allo a tura ta manhaja, a sake shi nan take, a haɗa tsawon manyan biyar. Kai yana kallon hagu, baki a rufe yana taɓa katangar allo, wutsiya a kan lambobi, ido a fili, katin shaidar gasa yana cikin hoton. Wannan tsarin ya fi amfani a Fork, domin dokar tafkin ta hana riƙe duk bas da ke tsakanin inci 16 da 24. Masu jiragen inji da ke kai kifi sikeli sai ƙanana, ko ƙato guda da ya kai 24. Mu kuwa duk wanda muka kama yana shiga lissafi.

Na kama wasu biyu, 13 da 14. Hoton ɗaya ya yi, ɗayan babban yatsana ya rufe ido.

Lahadi, 16 ga Maris

Ranar Juma'a iska ta taso da ƙura har sama ta yi ja, sai ka ce Sakkwato a watan Janairu. Ba mu fita ba. Na yanka kwali siffar kifi ina gwada ɗaukar hoto da hannun hagu a kan kujerar falo. Tsarin da na tsayar: kifi ya zauna cikin homa a ruwa ya huce, in jiƙa allo, in buɗe kyamara, in ajiye kati, sannan in ɗauko shi. Homa kuma ta tsaya a gefen allo ta tare hanyar tsalle.

Asabar, 22 ga Maris

Na kai yaron Fort Worth kallon awon kifi na Bassmaster Classic, wadda ita ce babbar gasar bas, tun 1971 ake yin ta. Bana a tafkin Ray Roberts suke kamu, su jawo jiragensu har cikin zauren Dickies, da kiɗa da fitilu, mutum ya zaro kifi biyu ya ɗaga, dubban jama'a su ɗauki ihu. Ina zaune da azumi a bakina ina tuna Argungu, inda a 2020 giwan ruwan da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, da homa da gora aka fito da shi. Nan kuwa bas mafi girma da aka taɓa rubutawa a duniya kilo 10 ne da ɗan kai, na George Perry a Georgia a 1932, sai wani Bajapane, Manabu Kurita, ya kama daidai da shi a tafkin Biwa a 2009. Amma ban raina ba. Wanda ya sha awa huɗu bai ji motsi ba ya san abin da ake wa ihu.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne na'urar hango kifi, irin su LiveScope na Garmin. Mutum na tsaye kansa a sunkuye kan allon kwamfuta, yana ganin kifi na iyo a gabansa, yana ganin ƙotonsa na sauka. Su kansu masu harkar sun rabu biyu a kanta. Ni dai a ganina rabin daɗin abin shi ne wannan ƙwas ɗin da ke zuwa ba sanarwa. Ko da yake mai dala 1,300 a harka ba shi da bakin kushe na'urar da ta fi duk kayansa tsada.

(An gama Lahadi. Easton Fothergill, ɗan Minnesota mai shekara 22, ya ci da laba 76 da oza 15 a kwana uku.)

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Goman ƙarshe ban taɓa sanda ba. A gaisuwar Sallah na gaya wa Inna gaskiya cewa sakin kifin ake yi. Ta yi salati. Ta ce, "Ka tashi tsakar dare, ka ƙona mai, Allah ya ba ka, ka mayar? Wannan ai butulci ne." Na ce doka ce, don ya girma. Ta ce in ya girma wa zai ci? Na ce shi ma sakinsa za a yi. Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Fitar gwaji ta ƙarshe. An sha ruwan sama a makon nan, ƙarshen lungunan ya yi jawur, sanyi kuma ya dawo. Tanar koriya da na saba da ita ba ta yi komai ba. Na koma baƙa mai shuɗi, don a gurɓataccen ruwa duhun abu kifi ke gani, na kama uku. Na sayi ƙoto mai faranti a baki, ChatterBait, wanda ke karkarwa in ana naɗi, guda biyu da robobinsu, dala 27. Na sa alama a wurare uku a waya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mu 41. Na bar gida ƙarfe huɗu, na yi asuba a gefen mota, na kunna fitila na shiga. Jifa daga 7 zuwa 3.

Wurina na farko na tarar da mutum biyu sun riga ni. Na wuce na biyu. Ƙarfe bakwai da rabi ChatterBait ya kawo 15 da rabi, tsarin homa ya yi aiki, hoto ya shiga. Kafin tara na ƙara 17 da kwata a gindin wani kututture. Na leƙa manhaja na ga sunana na tara, kuma nan na yi kuskure, don daga lokacin sauri ya dawo mini. Awa biyu ina jifa ina naɗewa kamar ana kora ta. Ba komai.

Sha ɗaya da rabi na ajiye sanda, na sha ruwa, na koma tanar baƙa da ƙirga biyar. Jifa ta shida zare ya yi nauyi. Wannan ya ja jirgin ya juya shi sau biyu kafin ya shiga homa. Inci 19 da kwata uku, mafi girma da na taɓa riƙewa. Hannuna na rawa, na ɗauki hoto ɗaya, na ga lambobi sun fito, na sake shi. Da na zo turawa na buɗe hoton da kyau: baki a buɗe, yatsa zai shiga. A dokar ƙungiyar nan inci ɗaya ke nan aka zabge. Wata guda ina gwaji da kwali, kwali kuwa ba ya buɗe baki.

Ƙarfe ɗaya na kama 13. Saura guda in cika biyar. Biyu da kwata, a wuri na uku, wani ya ɗauka ya nutsa kai tsaye cikin rassa. Na ga gefensa sau ɗaya, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Zare ya naɗe a reshe, kifin na nan ina jin bugunsa, reshen kuwa yana gefen hagu, in na miƙa hannu zan kai. Na dubi wurin. Ban miƙa ba. Na tuƙa in zagaya, kafin in kai zare ya tsinke. Da na duba ragowar, duk ya kakkarce tun daga kifin sha ɗaya da rabi, ban sake ɗauri ba.

Kifi huɗu, inci 64 da rabi, na 23. Wanda ya ci ya haura 90. Na yi azahar a bakin ruwa, na ɗora jirgi. A hanya saƙon maman yara ya shigo: in biya kanti in sayo karfasa, akwai baƙi gobe.

Talata, 15 ga Afrilu

Kaya da kuɗin gasa 1,345. Mai da kuɗin sauke jirgi kusan 150.

Gyara kafin ta watan Mayu: hoto uku ga kowane kifi, in buɗe in duba baki tun yana cikin homa. In shafa taki biyu na ƙarshen zare bayan kowane kamu, in ya yi kaushi in yanke. Zaren laba 20 don cikin itatuwa. Ba leƙa manhaja sai sha biyu. Sanda ta biyu, don canja ƙoto ya ci mini lokaci, amma sai albashi ya shigo.

Abokina ya ce in ruwa ya kusa 70 ƙananan kifayen da bas ke ci za su fara ƙwai a bakin gaɓa da sassafe, awa ɗaya kawai abin ke yi, sai a kasance a wurin kafin gari ya waye. Yaron ya ce zai bi ni Asabar. Ƙaramar rigar ceto dala 40, na ga wata a kantin da ke hanyar ofis.